Filin Tambaya da Amsa: Na'urar ƙirga da take komawa baya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a aji biyu na babbar sakandare, ina zaune a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura a Jihar Jigawa. Yayana da ke aiki a Kano ya bar mini tsohuwar wayarsa, kuma a cikinta akwai wasan Minecraft. Da aikin gona ya yi sauƙi bayan girbi, sai na ɗauri aniyar gina abin ƙirga a cikin wasan, irin carbin zamani da kakana yake maƙalawa a yatsa, wanda duk danni ɗaya lambar take ƙaruwa da ɗaya. Na jera ƙwayayen fitila na tagulla guda huɗu, na sa kwamfareta, wato na'urar wasan da ke fitar da wuta idan ƙwan bayanta ya kama, tsakanin kowane biyu. Amma da na danna maɓalli sau ɗaya sai duka huɗun suka kama tare, daga nan kuma lissafin ya riƙa sauka: 15, 14, 13. Ban kuma san yadda zan sa shi ya dawo sifili bayan 9 ba, balle yadda zan fito da lambar a kan allo. Na taɓa kwaikwayon wani gini na fistan mai danƙo da na gani a bidiyo, bulo da bulo, bai yi aiki ba. Don Allah a taimaka, kuɗin caji yana ta tafiya a banza.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne ginin naka bai lalace ba. Yana ƙirga daidai, baya kawai yake yi, kuma tocila guda uku za su juya shi. Amma kafin mu kai nan, akwai abin da ya kamata ya zauna maka a rai, domin shi ne zai hana ka rushe gini mai kyau saboda laifin da ba nasa ba. Carbin kakanka, da sikelin masu awon riɗi a kasuwar Gujungu, da agogon lokutan salla da ke jikin bangon masallaci, kowannensu ma'aikata uku ne a ciki. Akwai akawu mai riƙe da lissafi, akwai tafinta mai juya lissafin akawu zuwa abin da idon mutum zai gane, sannan akwai allo. Kai akawu kaɗai ka gina zuwa yanzu, kuma shi ne ya kamata ka gama da shi sarai kafin ka ɗora bulo ɗaya na sauran.

Ƙwan fitila na tagulla ya shigo wasan ne a sabuntawa ta 1.21 a watan Yunin 2024, kuma halinsa ɗaya ne: duk lokacin da wuta ta shigo masa sai ya sauya, idan a mace yake ya kama, idan a kunne yake ya mutu, sannan ya tsaya a haka har wata wutar ta sake shigowa. Ɗaukewar wuta ba ta dame shi ba, shigowarta kaɗai yake ji. Ka ɗauki ƙwayayenka huɗu tamkar duwatsun awo huɗu, na farko nauyinsa 1, na biyu 2, na uku 4, na huɗu 8. Wanda ya kama an ɗora shi a sikeli, wanda ya mutu an sauke shi. Idan na 4 da na 1 ne a kunne, lissafi 5 ke nan, idan na 8 da na 1 ne, 9 ke nan, idan kuwa duka suna kunne, 15 ke nan. Yanzu ka duba abin da ya faru da kai. Ka danna maɓalli, ƙwan farko ya kama, kwamfareta ta ga ya kama ta tura wuta ga na biyu, shi ma ya kama, tasa kwamfaretar ta tura ga na uku, haka har ƙarshe. Daga sifili ka faɗa 15 a danni ɗaya, a danni na gaba kuma na farko kaɗai ya mutu ka sauko 14.

A ƙirga mai hawa, ƙwai yana taɓa maƙwabcinsa ne lokacin da ya mutu, ba lokacin da ya kama ba. Abin da kake yi ke nan a darasin lissafi idan ka ce "na rubuta sifili na riƙe ɗaya": gurbi ya cika ya koma fanko, sai ya miƙa ɗaya ga na gabansa. Saboda haka ka sa kwamfareta ta fuskanci wani bulo, ka manna jar tocila a ɗaya gefen bulon. Ita jar tocila mai gardama ce, idan bulonta ya sami wuta sai ta mutu, idan ya rasa sai ta kama. Ka yi haka a gurabe uku da ke tsakanin ƙwayayen huɗu, lissafinka zai fara hawa 1, 2, 3 har 15.

Sai dai ba na so ka haɗa tocilar kai tsaye da ƙwan da ke gaba, ko da yake hakan zai yi aiki a yau, domin gobe zai ba ka wahala. Tocila tana barin wutarta a kunne muddin ƙwan da ke bayanta a mace yake, kuma ƙwan da wuta take riƙe da shi ba ya jin wata wutar da za a kawo masa daga gefe, kamar yadda ba a ƙara wa cikakken tulu ruwa. Abin da kake buƙata shi ne wutar ta shigo ta fita nan take. Ka shimfiɗa jar hoda, wadda ita ce wayar wuta a wasan, daga tocila, ka raba ta gida biyu. Reshe ɗaya ya shiga bayan wata kwamfareta wadda ka taɓa har ɗan hasken gabanta ya kama, wato ka mayar da ita mai ɗebewa. Ɗaya reshen ya bi ta rifita, na'urar da ke jinkirta wuta ta kuma sabunta ƙarfinta, wadda ka ja zuwa mataki na biyu ko na uku, ya shiga gefen kwamfaretar nan. Wutar farko za ta wuce, bayan ƙiftawar ido ta biyu ta iso ta gefe ta share ta. Kowane matakin rifita kashi ɗaya ne cikin goma na sakan, matakan kuma huɗu ne. Idan ka gama wannan haɗin za ka tarar ƙwayayen sun rikice, wasu a kunne wasu a mace, domin kowace tocila ta yi harbi ɗaya lokacin da ka manna ta. Kada ka damu. Ka manna ƙaramin maɓalli a jikin kowane ƙwai, ka kashe su ɗaya bayan ɗaya, daga na 1 zuwa na 8. Idan ka fara daga sama, na ƙasa zai sake kunna maka wanda ka riga ka kashe.

Yanzu sai batun dawowa sifili, wanda a ganina nan ne daɗin aikin yake. Ƙwayaye huɗu ba su san 10 ba, su 16 suka sani, a can ne suke mutuwa gaba ɗaya da kansu. Abin da yawancin masu koyo suke yi shi ne su ce tunda 10 na 8 ne da na 2, bari a aika wuta a kashe su biyun. Gwada ka gani: da zarar na 2 ya mutu zai miƙa ɗayansa ga na 4, sai ka tarar bayan 9 lissafinka ya koma 4. Maganin shi ne kada ka yi faɗa da halin ƙwayayen, ka bi su ta inda suke so. Tsakanin 10 da 16 akwai 6, kuma 6 ita ce 2 da 4. Idan lissafi ya kai 10, ka aika gajeriyar wuta ga ƙwan 2, sai ya zama 12. Ka ɗan jira, ka aika wata ga ƙwan 4, sai ya zama 16, wato duka sun mutu. Ribar da ke ciki kuma ita ce mutuwar ƙwan 8 da kanta za ta miƙa ɗaya ga rukunin ƙwayaye huɗu na gaba, masu riƙe da gomomi, idan ka gina su. Wannan dabara ta ƙara 6 ba ta wasa ba ce kawai, da ita ake gyara jimla a na'urorin da suke ajiye kowace lamba a gurabe huɗu.

Mai gadin da zai gane an kai 10 ba shi da wuyar gini. Ka fara yi wa ƙwan 8 kwamfareta da tocila irin na sauran, sannan ka jawo jar hoda daga tocilar ƙwan 2 da tocilar ƙwan 8, ka sa rifita a kan kowane reshe domin wutar wannan kada ta koma wa wancan, ka haɗa su su shiga bulo ɗaya, ka manna wata sabuwar tocila a jikinsa. Ba za ta kama ba sai waɗancan biyun sun mutu tare, su kuma ba za su mutu tare ba sai ƙwan 2 da ƙwan 8 suna kunne tare, abin da ba ya faruwa daga sifili har 9. Wutarta ita ma ka gajarta ta, ka kai ta ga ƙwan 2, sannan ka bi da ita ta rifita uku ko huɗu a mataki na ƙarshe kafin ta isa ƙwan 4. Idan ka ga lissafi ya maƙale a 12, jinkirin ne bai isa ba, ka ƙara rifita.

Allo kuwa shi ne mafi sauƙi, shi ya sa ba zan daɗe a kansa ba. Ka dubi fuskar carbin kakanka da kyau, za ka ga kowace lamba sanduna bakwai ce: uku a kwance, sama da tsakiya da ƙasa, huɗu a tsaye, biyu dama biyu hagu. Ka yi kowace sanda da fitilu uku na jar hoda, ka cike kusurwoyi da baƙin bulo domin hasken wannan kada ya tsallaka wa waccan. Rifita ɗaya da ta fuskanci fitilar tsakiya daga baya ta isa ta kunna duka ukun.

Tafinta shi ne mai cin fili da haƙuri. Kowace lamba tana da nata layin jar hoda, da tocila a ƙarshensa wadda ba ta kamawa sai layin ya rasa wuta gaba ɗaya. Abin da ake kawo wa layi kuwa shi ne duk abin da zai ƙaryata lambarsa. Ka ɗauki layin 5, wadda ita ce 4 da 1. Abubuwa huɗu ne suke ƙaryata ta: ƙwan 1 ya mutu, ko ƙwan 4 ya mutu, ko ƙwan 2 ya kama, ko ƙwan 8 ya kama. Shaidar kamawa daga kwamfareta kake ɗauko ta, shaidar mutuwa daga tocila, kuma duka biyun ka riga ka gina su. Idan babu ko ɗaya daga cikin huɗun da ya kawo wuta, tocilar layin 5 ta kama ke nan, ita kaɗai a cikin 'yan'uwanta.

Daga nan sai a haɗa layukan lambobi da sanduna bakwai, kuma a nan zan rage maka fiye da rabin aiki. Idan ka ƙirga sandunan da suke kamawa a lambobi goma, za ka sami 49. Idan ka ƙirga waɗanda suke mutuwa, 21 ne kacal. Don haka ka bar kowace sanda a kunne ta hanyar tocila, lamba kuma ta riƙa kashe waɗanda ba ta so. Sandar sama 1 da 4 ne suke kashe ta. Ta dama ta sama 5 da 6, ta dama ta ƙasa kuwa 2 kaɗai. Ta ƙasa 1 da 4 da 7, ta tsakiya sifili da 1 da 7, ta hagu ta sama 1 da 2 da 3 da 7. Ta hagu ta ƙasa ita ce marainiya, lambobi shida ne suke kashe ta: 1, 3, 4, 5, 7 da 9. Ka lura babu inda 8 ta fito, saboda haka ba sai ka gina mata layi ba, layuka tara sun ishe ka. Za ka kuma ga 8 ta ɗan gilma a allo lokacin da ake tsallakawa daga 9 zuwa sifili, domin a wannan ɗan lokacin babu lambar da take kashe komai. Ba laifi ba ne. Ka dai tuna jar hoda ƙarfinta 15 ne, tana rasa ɗaya a kowane bulo, don haka layin da ya yi tsawo sai da rifita a hanya, kuma mafi yawan sandunan da suke ƙin mutuwa daga nan matsalarsu take. Ka zana komai a takardar lissafi mai gidaje kafin ka kunna waya, wannan kaɗai zai tsirar maka da kuɗin caji na kwanaki.

Ginin fistan da ya ƙi maka kuwa ba laifinka ba ne. Wasan iri biyu ne, akwai Java na kwamfuta, akwai Bedrock wanda shi ne a wayoyi. A Java, idan aka ba fistan mai danƙo wuta gajeriya ƙwarai, yana tura bulo ya bar shi a can, sai a harbi na gaba ya jawo shi, kuma da wannan hali aka daɗe ana yin abin ƙirga kafin zuwan ƙwan tagulla. Fistan ɗin Bedrock ba ya yin haka. Duk bidiyon da za ka kwaikwaya, ka fara duba wane iri ne.

Tambaya: Malam barka da aiki. Daga yankin Gumel nake rubutowa. Na yi garken tumaki a wasan, na sa faifan takawa a bakin ƙofa domin ya ƙirga su kamar yadda ake yi wa dabbobi a kasuwar Maigatari, amma tumaki goma su wuce ya nuna mini shida. Kuma idan na yi nisa sai ya daina aiki gaba ɗaya.

Amsa: Barka kadai ƙanena. Faifan ba tumaki yake ƙirgawa ba, sau nawa aka danne shi aka sake shi yake ƙirgawa. Idan tunkiya ta hau kafin ya saki daga ta gabanta, su biyun ɗaya ne a wurinsa, kuma yana ɗaukar kimanin sakan ɗaya kafin ya saki. Ka matse hanyar ta zama faɗin bulo ɗaya, ka tsawaita ta, ka riƙa jan su da alkama a hannu sannu a hankali. Ka kuma yi amfani da faifan dutse, domin na katako har abin da ya faɗi ƙasa yake ji, ko da ulu ne. Batun nisa kuwa, wasan ba ya motsa komai sai a yankin da ke kewaye da ɗan wasa. Ƙasarsa a yanke take gida gida, kowane gida bulo 16 tsawo 16 faɗi, kuma a waya galibi gidaje huɗu ne ta kowace fuska suke aiki, wato bulo sittin da 'yan kai. Ana iya ƙara wannan a saitin duniyar, amma tsohuwar waya za ta yi zafi ta riƙa sanɗa. Gara ka gina na'urar kusa da garken.

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni manomi ne kuma mai gyaran injin ban ruwa a wajen Kura. Ɗana yana kwana a kan irin wannan gini, yana ce mini wai aikin lantarki yake koyo. Ni dai wasa nake gani. Shin akwai gaskiya a maganarsa?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Akwai gaskiya a maganar yaron, amma rabi ce, kuma ɗaya rabin a hannunku take. Abin da yake koyo na haƙiƙa shi ne tsarin tunanin da na'urori suke bi: wannan ya kama idan wancan ya mutu, wannan ba ya kamawa sai waɗancan biyu sun yarda. Wani masanin lissafi ɗan Ingila, George Boole, ya rubuta ƙa'idojin wannan tunani a 1854, sannan a 1937 wani ɗalibi a Amurka, Claude Shannon, ya nuna cewa ana iya gina su da makunnan lantarki. Akawu da tafinta da na yi wa ɗalibin Ringim bayani a sama suna nan a zahiri a matsayin ƙananan kayan lantarki, kowanne bai kai tsawon gaɓar yatsa biyu ba. Mai ƙirga daga sifili zuwa tara lambarsa 7490, tafintan sanduna bakwai kuma 7447, dukansu da wuta bolt 5 suke aiki. Akwai kuma CD4026 wanda ya haɗa ayyukan biyu a jiki ɗaya, yana kuma karɓar batir mai bolt 9. Waɗannan suna cikin abubuwan da ɗaliban lantarki suke fara taɓawa a kwalejojin fasaha.

Abin da wasan ba zai koya masa ba shi ne halin wutar kanta, wanda ku kuka sani daga aikinku. A wasa jar hoda tana tafiya hanya ɗaya ta ƙare, alhali wutar gaske sai ta sami hanyar komawa inda ta fito, in ba haka ba babu abin da zai kama. A wasa fitila ba ta ƙonewa, amma sandar allo ta gaske idan ba a sa mata resisto mai rage ƙarfin wuta ba, haske ɗaya za ta yi ta mutu. Maɓallin wasa kuma danni ɗaya harbi ɗaya ne, na gaske kuwa ƙarafunan cikinsa suna karkarwa kafin su zauna, har na'urar ta ƙirga uku ko biyar a danni ɗaya, sai an sa kafasita da resisto sun kwantar da shi.

Shawarata ita ce ku yanka masa lokaci, domin kwana a kan waya ba ya gyara karatun safe ko me ake ginawa. Sannan ku ce ya nuna muku ginin yana ƙirga daga sifili zuwa 99 ba tare da tsallake ba, ya kuma yi muku bayanin dalilin da 9 take komawa sifili. Idan ya iya, ranar da kuka shiga Kano sayen kayan inji ku tafi da shi wajen masu kayan lantarki a Sabon Gari, ya nemi CD4026 ɗaya, da allon sanduna bakwai mai ƙafar nagatif ɗaya, da resisto bakwai, da allon gwaji wanda ba ya buƙatar dalma, da batir. Sharaɗin kawai shi ne da batir zai yi aiki, kada ya kusanci wayar janareto ko ta sola sai kuna tsaye a kansa.